Ɗakina Ciki da Falo Ne, a Ina Zan Keɓe da Ubangijina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni matar aure ce, 'ya'yana huɗu, ƙaramin yana goye. Gidan haya muke, ciki da falo, kuma mu shida ne masu haya a gidan. Sallah ba ta wuce ni, amma sau da yawa sai na sallame ban san surar da na karanta ba. Kaina ya ɗau zafi, abu kaɗan sai in yi wa yara tsawa, in dawo ina kuka. Ina so in ware wani wuri da zan riƙa keɓewa ina ibada ko zan samu natsuwa, sai wata maƙwabciyata ta ce ware wuri a gida bidi'a ne. Ni ma kuma ban ga inda zan ware ba. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanwata, Allah Ya yaye miki, Ya raya zuri'a, Ya sanyaya miki zuciya. Na daɗe ina koyar da matan aure a Islamiyya, kuma wannan kukan naki na sha jin sa, wani lokaci daga bakin matan da in kin gan su a aji za ki rantse ba su da damuwar komai. Bari in fara kawar miki da maganar bidi'a, don kada ki zauna a wurin zuciyarki tana ɗar-ɗar.

Akwai wani sahabi Ba'ansare mai suna Itbanu ɗan Malik, yana cikin waɗanda suka halarci Badar, shi ne limamin mutanensa Banu Salim. Da ganinsa ya yi rauni, in aka yi ruwa kwarin da ke tsakaninsa da masallaci ya kawo, ba ya iya ƙetarewa. Sai ya roƙi Manzon Allah (SAW) ya zo gidansa ya yi sallah a wani wuri don ya riƙe shi wurin sallarsa. Da hantsi sai ga Annabi tare da Sayyidina Abubakar. Bai ko zauna ba ya tambaye shi: a ina kake so in yi sallah a gidan naka? Itbanu ya nuna wata kusurwa, Annabi ya tsaya ya yi kabbara, suka yi sahu a bayansa, aka yi raka'a biyu. Buhari da Muslim duk sun ruwaito shi, har Imamu Buhari ya ƙulla babi guda a kan masallatai a cikin gidaje. Ga kuma Uwar Muminai Juwairiyya, wadda Annabi ya fita da asuba ya bar ta, a lafazin Muslim, tana cikin masallacinta, wato inda ta saba sallah a ɗakinta, ya dawo da hantsi ya tarar da ita zaune a nan tana zikiri. Abin da aka yi a ɗakin matar Annabi yana gani, ba za a kira shi bidi'a ba.

Ina zaton abin da maƙwabciyarki ta jiyo shi ne hadisin da ya hana mutum ya kafa wa kansa wuri ɗaya kamar yadda raƙumi yake kama makwancinsa. Wannan a masallacin jama'a ake magana, inda kowa ke da haƙƙi daidai da kowa, kuma inda riya take saurin shiga. Kusurwar ɗakinki ba ki tare wa kowa ba. Abin da kawai zan ja kunnenki a kai shi ne kada wurin ya koma wani abu dabam a zuciyarki, ki fara ganin addu'a ba ta karɓuwa sai a nan, ko a kawo miki wani ƙulli a ce ki binne ko ki rataya. An mayar wa wannan al'umma ƙasa duka masallaci. Wurin da kika ware taimako ne ga zuciyarki don ta saba, shi ke nan.

Sai batun inda za ki ware. Ƙanwata, ɗakin Nana A'isha bai kai cikinku da falo ba. Ita da bakinta ta ce tana kwance a gaban Annabi yana sallar dare, ƙafafunta suna ta wajen alƙiblarsa, in zai yi sujada sai ya taɓa ta ta naɗe su, in ya miƙe ta sake miƙewa, kuma a wancan lokaci babu fitilu a gidajen. Ki tsaya ki kalli wannan hoton da kyau. Mafificin halitta yana tsayuwar da take kumbura masa ƙafafu, a ɗakin da wurin sujadarsa da wurin kwanciyar iyalinsa suke haɗe. Saboda haka faɗin darduma ɗaya ya ishe ki.

Kakata ta wajen uwa, Allah Ya jiƙanta, ɗakin ƙasa guda ne da ita a ƙauye. Tsakanin ƙarshen gadonta da bango akwai wani ɗan lungu da bai wuce taku uku ba. Ta zuba rairayi mai laushi a wurin, ta jera 'yan duwatsu ta kewaye shi kamar yadda ake yi wa masallacin bakin hanya. Buzunta yana rataye a ƙusa, gashin tsakiyarsa duk ya ƙoƙe saboda zama, carbinta yana saƙale a kan ƙusar, butarta ta ƙarfe tana daga gefe. Babu abin da ya ƙaru a kan wannan har ta bar duniya. Mu jikoki muna tsalle a kan gadonta, muna buɗe mata kwanuka, amma ba wanda ya taɓa tsallaka duwatsun nan, kuma ban tuna ranar da ta doki wani a kai ba. Kullum muna ganin ta a wurin da asuba da bayan magariba, sai wurin ya yi mana kwarjini da kansa. Yau in na rufe ido ina jin ƙanshin kajijin da ke tashi daga lungun.

Na kawo miki ita ne saboda kuskuren da nake yawan gani. Da zarar mace ta yi niyyar gyara wurin ibada, sai hankalinta ya tafi kasuwa: darduma mai laushi kamar katifa, allunan ayoyi masu walƙiya, 'yan fitilu, furannin roba. In babu kuɗin sai ta fasa, in akwai sai ta cika wurin da abin kallo. Alhali wurin natsuwa da ragewa ake gina shi. Nana A'isha ta taɓa rataya wani labule mai zane a gefen ɗakinta, Annabi ya ce ta kawar da shi domin zanensa bai daina gilma masa a sallah ba. Wata rana kuma ya yi sallah da wani mayafi mai ado, yana sallamewa ya ce a mayar wa Abu Jahmi, a karɓo masa nasa marar ado, don wannan ya ɗauke masa hankali. In zane ya taɓa hankalin Annabi, ina ga ni da ke? Shi ya sa malamanmu na Malikiyya suka fi son goshi ya sauka a ƙasa ko a kan abin da ƙasa ta tsirar, irin tabarma, maimakon shimfiɗu na alfarma. Tabarmar kaba sabuwa da ba ta fi kuɗin cefanen yini ba ta wadatar, in kuma darduma ce a nemi mai launi ɗaya.

To ki shiga uwar ɗakin ki tsaya ki duba. Falo na kowa ne, ga talabijin ga baƙi, don haka ciki ya fi. Nemi inda in kin fuskanci alƙibla bango ne a gabanki, ba ƙofa ba, ba madubi ba. Sau da yawa matsar da gado taku biyu, ko ɗauke akwatuna a ɗora a kan sif, shi ke fitar da wurin. Bangon da ke gabanki a sauke kalanda da hotuna, a bar shi fili. In da hali a ɗaura igiya a saka labule marar ado, domin labule yana yi wa yara magana fiye da tsawa: in an sake shi, Umma tana ganawa da Ubangijinta. Ƙusa ɗaya ta hijabi da carbi, ɗan kanta ko kwali mai tsabta a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa don Alƙur'ani da littafin azkar, sai fitila mai caji saboda ɗaukewar wuta. In ma wurin bai samu ya zauna dindindin ba, ki naɗe tabarmar ki rataye, lokaci ya yi ki shimfiɗa ta a wuri ɗaya kullum. Maimaitawar ita ce ke mayar da shi wurinki.

Tunda za ki tsayar da wuri, ki gyara alƙiblar sau ɗaya ki huta. Mu nan mukan ce gabas, amma daga ƙasar Hausa alƙibla gabas ce da ta ɗan karkata arewa. A Kano karkatar ta kai wajen digiri 20. Masallacin unguwa da aka auna shi da kyau ya ishe ki abin koyi. Akwai kuma wata hanya mai sauƙi: sau biyu a shekara rana tana daidaita a saman Ka'aba, ranar 27 ko 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya da Nijar, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da misalin 10:27. A wannan lokaci duk wanda ya fuskanci ɓangaren da rana take ya fuskanci alƙibla. Ki duba inuwar ƙyaure ko ta sanda a tsakar gida ki yi alama, alƙibla tana kishiyar inda inuwar ta faɗi.

Waya kuwa kada ta tsallaka labulen. Na san za ki ce a ciki kike karatun Alƙur'ani. In dole ne, a kashe data kafin a zauna. Na ga mata da yawa da suka ɗauki waya don duba addu'a ɗaya, suka farga rabin awa ta wuce suna cikin hirar dangi a WhatsApp.

Ƙanshi yana taimakawa ƙwarai, kuma yana cikin abin da Annabi yake so. Ki ware turaren wuta guda, ko sandal ne ko kajiji, wanda ba kya sa shi sai za ki zauna a wurin. Bayan 'yan makonni da kin ji shi jikinki zai fara saki da kansa. Amma don Allah, kaskon garwashi ba ya kwana a ɗaki a rufe, musamman lokacin hunturu da ake toshe tagogi. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, irin ta hayaƙin janareta, kuma tana kashe mutane cikin barci. A turara, a fitar da kaskon, a bar taga a buɗe. In akwai mai asma a cikin yaran, turaren shafawa a jikin hijabin ya wadatar.

Yanzu ga yaran, waɗanda na san su ne rabin tambayar. Kada ki ɗauka sai ranar da suka yi shiru za ki samu sallah mai kyau, don ranar tana da nisa. Annabi ya yi limanci yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Nana Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Ya taɓa tsawaita sujada har sahabbai suka zaci wani abu ya faru, ashe jikansa ne ya hau bayansa, bai so ya katse masa jin daɗi ba. Ɗan goyonki in ya rarrafo ya zauna a kan tabarmar, sallarki tana nan. Fitsarinsa kuma malamai ba su manta da ke ba: a mazhabarmu an yi wa mai shayarwa rangwame a kan abin da ya taɓa tufafinta na najasar jariri matuƙar tana iya ƙoƙarinta wajen kiyayewa, an kuma so ta ware tufafi na sallah. Saboda haka ki samu doguwar riga ɗaya da hijabi ɗaya da ba sa zuwa kicin, ba sa goyo, suna rataye a ƙusar nan. Canza kayan ma kansa yana gaya wa zuciya cewa an bar wani aiki an shiga wani. Manyan yaran kuwa ki zaunar da su ki gaya musu da lallami, kuma wani lokaci ki kira ɗaya ya zauna kusa da ke ku yi tasbihi tare. Wanda aka taɓa shigar da shi wurin ya fi girmama shi.

Amma duk wannan gyaran ba zai yi aiki ba sai an haɗa shi da lokaci tsayayye, kuma a nan na fi son ki tsaya ki yi tunani. Gidan da masu haya shida ke ciki ba ya shiru sai sau biyu zuwa uku a yini. Akwai kafin asuba. Akwai hantsi, bayan 'yan makaranta sun fita, maigida ya tafi nema, wanda shi ne lokacin walaha. Akwai kuma bayan isha in yara sun kwanta. Sulusin dare na ƙarshe shi ne mafi daraja, kuma lissafinsa ba wuya: in magariba ta faɗi 6:30, alfijir ya keto 5:00, daren awa goma da rabi ne, sulusin ƙarshe ya fara 1:30. Ba sai kin tashi tun farkonsa ba. Minti ashirin kafin kiran assalatu yana cikinsa. Sai dai ke mai shayarwa ce, kina tashi sau biyu sau uku a dare. In kin ga tashin zai sa ki wuni kina jiri kina faɗa da yara, ɗauki hantsi da zuciya ɗaya. Annabi ya shiga masallaci ya ga igiya a ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu, aka ce ta Zainab ce, in ta gaji da tsayuwa sai ta riƙe. Ya ce a kwance ta, kowa ya yi sallah gwargwadon kuzarinsa, in ya gaji ya zauna. Ya kuma ce wanda gyangyaɗi ya kama yana sallah ya je ya kwanta, don kada ya zo neman gafara ya ɓuge da zagin kansa. Fara da minti goma. Na fi son in ji kin shekara kina minti goma da in ji kin yi awa biyu na kwana huɗu kin watsar, domin aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne.

Me za ki yi a cikin minti goman? Yi alwala a natse, ki sa kayan, ki zauna tukuna kafin ki tayar da kabbara. Yawancinmu daga bakin murhu muke faɗawa cikin sallah, hannu yana ƙanshin albasa, kai yana lissafin kuɗin makaranta, sannan mu yi mamakin rashin halartowar zuciya. Zauna ki ja numfashi a hankali har ki ji bugun ƙirjinki ya lafa. Sannan raka'a biyu da surorin da kika san ma'anarsu, ko gajeru ne. In kin sallame kada ki zabura. Kalmomin nan huɗu da Annabi ya koya wa Juwairiyya a wannan zaman nata, ya ce in aka auna su da duk abin da ta faɗa tun safe za su rinjaya, su ne: Subhanallahi wa bihamdihi, adada khalƙihi, wa ridha nafsihi, wa zinata arshihi, wa midada kalimatihi, sau uku. Kamar don mace irinki mai ƙarancin lokaci aka ajiye su. Daga nan ki yi magana da Ubangijinki da Hausarki. Faɗa maSa kin gaji. Faɗa maSa kin yi wa yarinya tsawa ba da laifinta ba kuma abin yana cin ki. In kuka ya zo ki bar shi ya zo. Annabi Yaƙubu ma cewa ya yi yana kai ƙarar baƙin cikinsa da damuwarsa ga Allah ne kaɗai. Kafin ki tashi ki tuno abu ɗaya na alheri da ya same ki jiya ki yi godiya a kansa, ki tuno abu ɗaya da za ki gyara yau. Ɗaya tak, kada ki zauna kina tuhumar kanki da laifin shekara goma.

Ranakun da ba kya sallah ma kada ki ƙaurace wa wurin. Bai ɗauki hukuncin masallaci ba: mai haila tana zama a ciki, ba a yi masa gaisuwar masallaci, kuma ranar da kuka tashi daga gidan ya koma ɗaki kamar kowane. Zikiri da salati da addu'a duk a buɗe suke gare ki, kuma Malikiyya sun halatta wa mai haila karatun Alƙur'ani da ka. Sau da yawa ma a kwanakin ne mace ta fi buƙatar zaman. I'itikafi ne dai a wurinmu sai a masallaci, ko da yake Hanafiyya sun yarda mace ta yi shi a wurin sallarta na gida. Maigidanki kuma in wurin ya burge shi, bismillah ya yi nafilarsa da wutirinsa a nan, don an ce a sanya wani rabo na sallah a gidaje kada a mayar da su kaburbura, amma farillarsa tana masallaci tare da jama'a.

Akwai wata magana a cikin tambayarki da ba zan tsallake ba, inda kika ce abu kaɗan sai tsawa, sai kuka. Lokacin da Salmanul Farisi ya ga Abu Darda'i ya hana kansa abinci da barci saboda ibada, ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Da labari ya je wa Annabi ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Ranki yana da haƙƙi, ƙanwata, kuma ba son kai ba ne ki biya shi. Halal ne ki zauna a kan tabarmar nan da kofin kunu mai zafi ki sha shi a zaune, ba a tsaye kina raba wa yara ba. Nana A'isha takan sa a dama wa mai baƙin ciki talbina, wani kunu na garin sha'ir, ta ce ta ji Annabi yana cewa yana sanyaya zuciyar majinyaci, yana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Halal ne ki yi ƙailula ta minti ashirin a wurin. Ki samu maigida a lokacin da yake cikin walwala ki ce masa kina neman ya riƙe miki yaran na ɗan lokaci bayan isha ko ranar da ba ya fita, ki gaya masa dalili. Maza da yawa ba ƙi suke yi ba, ba a taɓa faɗa musu a fili ba ne.

In kuma kin ga abin ya wuce gajiya, wato ya kai mako biyu ko fiye kullum zuciyarki a cunkushe, barci ya ƙaurace ko da jaririn ya yi barci, abinci ba ya shiga, abin da kike jin daɗinsa da duk ya fita a ranki, ko kina jin kin gaji da rayuwa, ko tunanin cutar da kanki ko jaririn yana zuwar miki, to wannan ciwo ne mai suna, ciwon damuwa, kuma yana yawan kama mata bayan haihuwa. Ba raunin imani ba ne, kuma yana jin magani. Ki fara da asibitin da kike kai yaro rigakafi, ki faɗa wa ma'aikaciyar jinya yadda kika faɗa min, a duba jininki ma, don ƙarancin jini kaɗai yana iya sa mace kasala da saurin fushi. In ana buƙatar ƙwararru akwai su a Asibitin Malam Aminu Kano da Dawanau a Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. In tunanin cutar da kai ne, kada ki kwana da shi ke kaɗai, ki gaya wa maigida ko mahaifiyarki ko wata 'yar'uwa a ranar, a raka ki. Ki je asibitin, ki dawo ki shimfiɗa tabarmarki, duka biyun neman waraka ne daga wurin Allah.

Yau da daddare in yara sun kwanta, ki matsar da akwatunan nan ki share lungun, ki buga ƙusa ɗaya. In kin yi wata guda kina zama, ki sake rubuto min in ji yadda ake ciki, da ke da ɗan goyon. Wallahu a'alam.